Ƙyallen da Ke Cikin Aljihu

Duk wanda ya taɓa kai wa mahaifina ɗinki ya san abu guda: in ya karɓi rigarsa ya koma gida, ya zura hannu a aljihu, zai taɓo ƙyalle. Ragowar yadinsa ne, an naɗe an ɗaure da zare. Wani lokaci ya isa a yi wa yaro hula, wani lokaci bai fi tafin hannu ba, ko tsumman goge takalmi ba zai yi ba. Baba ba ruwansa da girmansa. In almakashi ya gama nasa aiki, abin da ya saura na mai yadi ne, kuma a aljihun rigarsa zai koma gida. Na taɓa ganin wani ma'aikacin jirgin ƙasa ya dawo shago yana dariya, ya ɗaga wani ɗan ƙyalle da yatsu biyu, ya ce, "Malam, wannan kuma me zan yi da shi?" Baba ko kai bai ɗaga daga kan keke ba. Ya ce, "Ka yar da hannunka. Ni ba nawa ba ne balle in yar."

Tela ne a Tudun Wadan Zariya. Shagonsa zaure ne da aka fasa wa ƙofa ta bakin titi: baƙin keken Singa na ƙafa, teburin yanka, dutsen guga na gawayi, benci guda na masu jira, sai rediyo a rataye jikin ƙusa. Bai san shekarar haihuwarsa ba, ya dai ce a farkon sarautar Sarkin Zazzau Ja'afaru aka haife shi, shi kuwa Ja'afaru a 1937 ya hau gado. Daga wani ƙauye na ƙasar Soba ya shigo gari yana almajiri, ya koyi ɗinki a hannun wani dattijo, ya koyi lambobin boko a ajin yaƙi da jahilci. Tarihinsa ke nan. Bai taɓa riƙe muƙami ba, ko na ladanci. Da ya rasu ba a yi sanarwa a rediyo ba. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan naku da suka riga mu.

Ku ƙannena da 'ya'yana, ga dalilin da ya sa na ɗauko maganarsa. Ina ganin yadda kuke sa hotunan iyayenku a Facebook in ranar rasuwarsu ta zagayo, kuna roƙon a yi musu addu'a. Ba na ganin laifin wannan, addu'a ba ta yin yawa. Amma na sha tambayar saurayi ko budurwa, "Wane irin mutum ne mahaifinka?" Amsar ba ta wuce mutumin kirki ne, mai haƙuri, mai son jama'a. To, wannan ai kalmomin zaman makoki ne. Duk gawar da aka fitar haka ake faɗa mata. Kirki a dunƙule ba ya gaduwa. Abin da ɗa yake iya ɗauka daga ubansa ƙanana ne ƙwarai: yadda yake ƙirga wa mutum canji, muryar da yake amsa wa mai binsa bashi da ita, abin da yake yi da ɗan abin da ba nasa ba in babu mai kallo. Wanda bai zauna ya ga waɗannan ba, in uban ya tafi, hoto kaɗai zai rage masa.

Kun san sunan da teloli suka yi. Har karin magana ake yi da alkawarin tela: gobe, jibi, bayan la'asar, saura maɓalli. Ba duka ne mugunta ba. Tela yana shafe watanni yana gyangyaɗi a kan keke, sai azumi ya kama aiki ya zubo masa lokaci guda, to da wane baki zai ce wa kuɗi a'a? Sai ya karɓi na mutum ɗari alhali hannunsa na arba'in ne, ya bar wa daren Sallah sauran. Shi Baba ya san adadin kaftanin da ƙafarsa take iya takawa a yini. Tun kafin a ga wata yake lissafi, in layin littafinsa ya cika sai ya rufe karɓa, ko da kuwa azumi bai kai goma ba. Daga nan ko wa ya zo, amsar ɗaya ce: "Ka yi haƙuri, ba zan iya ba. Ga wane can, ɗinkinsa da kyau." Ya tura wa abokin sana'a ciniki da bakinsa.

An jarraba shi a kan wannan a 1975. Shekarar Udoji ke nan, lokacin da gwamnati ta ƙara wa ma'aikata albashi ta kuma biya su bashin watannin baya a dunƙule. Zariya garin ma'aikata ne, ga jami'a a Samaru, ga 'yan jirgin ƙasa a Sabon Gari, ga malaman makarantu, ga ma'aikatan kamfanin Gaskiya. Kuɗi suka cika gari. Wanda bai taɓa ɗaura shadda ba ya sayi turmi. Ina ƙarami a lokacin, Inna ce ta ba ni labari: wani babban ma'aikaci ya zo da yadi kala biyar ana saura mako guda Sallah, ya ce zai ninka kuɗin ɗinki. Baba ya ce littafi ya cika. Mutumin ya ce to a cire na wani a sa nasa. Na wanin da yake nufi kuwa 'yar shara ce ta wani mai ga-ruwa, wadda kuɗin ɗinkinta bai kai na maɓallan shaddar ba. Baba ya ce shi ya riga zuwa. Inna ta ce ranar ta yi fushi har ta ƙi yi masa magana, don a lokacin rufin ɗakinta yana yoyo. Ta daɗe ba ta huce ba, kuma ni ban ga laifinta ba. Mai gaskiya ba shi kaɗai yake biyan kuɗin gaskiyarsa ba, da iyalinsa ake biya. Ku san wannan tun yanzu, kada wani ya ruɗe ku cewa duk wanda ya tsare alkawari arziki zai biyo shi a guje. Baba ya tsare, kuma har ya koma ga Allah gidanmu na ƙasa ne.

Jarrabawa ta biyu da idona na gani. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin soja ta Janar Buhari ta sauya launin takardun naira, aka rufe iyakoki, aka ba mutane 'yan kwanaki su kai tsofaffin kuɗi banki. Ku da kuka sha wuyar canjin kuɗi na 2023 kun ɗanɗani irinsa. A irin wannan lokaci wata dabara takan ɓullo: duk mai bashi a wuya sai ya zama mai cika alkawari dare ɗaya, ya kwashi tsofaffin takardu ya kai wa mai binsa, ya bar shi da wahalar layi. Mutane sun yi wa Baba haka, waɗanda suka shekara suna ɓuya suka riƙa sallama suna biya, ya karɓa bai ce uffan ba. Shi kuma akwai mai sayar masa da zare da shafi a kasuwar Sabon Gari, yana binsa kuɗi. Na ce, "Baba, ka miƙa masa waɗannan mana, ka huta." Ya dube ni irin duban da har yau in na tuna nake jin kunya. Ya rufe shago kwana biyu yana bin layin banki, ya sami sababbi, da su ya je ya biya. Bai yi mini wa'azi ba. Ya dai ce in ɗauko masa buta.

Kada ku ɗauka waliyyi nake ba ku labari. Baba yana da zafin zuciya, yaran shagonsa sun sha ma'aunin katako a gadon baya saboda karkataccen ɗinki. Yana da taurin kai wanda wani lokaci ba shi da alaƙa da gaskiya, taurin kai ne kawai. Da aka fara sayo kekunan surfani na lantarki ya ce aikin ragwaye ne, ya ƙi saya har ciniki ya koma wurin yaran da ya koya wa. Babban kuskurensa kuwa, wanda har yau yake ci mini rai, shi ne cire ƙanwata daga makaranta tana aji shida, alhali ta fi mu duka kai. Daga baya ya bar ƙananan suka yi karatu, wanda a wurin mutum irinsa wannan shi ne "na yi kuskure", amma ita nata ya riga ya wuce. Na faɗi wannan ne don kada son uba ya sa ku haɗiye shi ɗanye. Ana cewa kyan ɗa ya gaji ubansa, ba a ce ya gaji har da tabonsa ba. Ni 'ya'yana mata duka suna makaranta, kuma ina jin wannan ma biyayya ce gare shi, don na rufe masa ƙofar da ya bari a buɗe.

Nawa laifin ya fi nasa nauyi, bari in faɗa muku shi.

Ni ne ɗan fari. Waɗanda suka tashi a gidajen da ake kunyar ɗan fari sun san abin da wannan yake nufi. Baba bai taɓa kiran sunana ba. "Kai" ne, ko "wannan yaron", in kuwa zai aiko a kira ni sai ya ce a kira yayan wance. Bai taɓa zama ya yi hira da ni yadda yake yi da ƙannena ba, bai taɓa yaba mini a gabana ba. Al'ada ce, kowa ya sani, amma yaro ba ya cin al'ada ya ƙoshi. Na shiga aji ɗaya a 1976, cikin rukunin farko na shirin ilimin firamare kyauta na UPE, da rigar makarantar da ya ɗinka mini da hannunsa. A lokacin ina taƙama da ita. Da na shiga sakandaren kwana, na haɗu da 'ya'yan manyan ma'aikata masu zuwa da kayan kanti, sai taƙamar ta juye. Ranar ziyara ya zo a kan kekensa na hawa, da ƙullin ƙuli-ƙuli da garin rogo, zare a manne a gefen rigarsa. Wani yaro ya tambaye ni wane ne. Na ce telan gidanmu ne.

Ban yi ƙarya ba, in ana bin harafi. Kuma ban san ko ya ji ba. Yana tsaye bai fi taku biyar ba, yana ɗaure ƙullin da ya kwance. Bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban taɓa ba, har ƙasa ta rufe masa ido. Daga wannan shekarar kuma na daina yarda ya auna ni. In Sallah ta matso ya ce, "Kai, zo nan," da tef a wuyansa, sai in ce ina da kaya. Na koma sayen gwanjo da ɗan kuɗin da nake samu, wandon da wani Bature ya gaji da shi ya fi mini kaftanin ubana daraja. Na girma, na yi aiki, na yi aure, hankali ya zo, na riƙa yi masa hidima daidai ƙarfina: buhun masara, kuɗin magani, gyaran rufi. Amma ban sake tsayawa gabansa na buɗe hannuwa ya zagaya ni da tef ba. Kunya ta hana ni da farko, daga baya kuma sai na ga kamar lokacin ya wuce.

Ina gaya muku wannan ne saboda na san a cikinku akwai ɗan mai faci, ɗan mahauci, 'yar mai gadi, ɗan dako, waɗanda in an tambaye su sana'ar uba a gaban abokai sai su ce "ɗan kasuwa ne" su kawar da kai. Wannan kunyar tana wucewa, ba ta kai shekara goma. Wadda take maye gurbinta ita ce ba ta wucewa.

Shekarun ƙarshe na sana'arsa ba su yi daɗi ba. Bayan shirin SAP na 1986 naira ta faɗi, yadi ya yi tsada, talaka ya koma gwanjo. Masaƙun Kakuri a Kaduna, waɗanda suka riƙe dubban gidaje, suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, har babbar cikinsu, UNTL, ta tsaya a 2007, atamfar Sin ta cika kasuwa. Idonsa ya raunana, sai an zura masa zare a allura. Bai daina buɗe shago ba ko da kuwa faci ɗaya zai yi a yini. Ya yi jinya ta 'yan makonni, ya cika da asuba.

Bayan an share makoki Baffa ya tara mu don maganar gado, ya gayyato malamin unguwa. A nan na fara jin tsarin da kyau, kuma ya kamata ku san shi kafin ranar ta zo muku. Ba a fara rabo sai an fitar da kuɗin likkafani da binnewa, sannan a biya bashin mamaci kaf, sannan a zartar da wasiyyarsa in ba ta wuce sulusin dukiya ba, abin da ya rage shi ne na magada, matar da mijinta ya bar 'ya'ya tana da tumuni. Malamin ya tuna mana abin da Buhari ya ruwaito, cewa an taɓa kawo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wata gawa, da ya ji akwai bashi a kanta kuma ba ta bar abin biya ba sai ya ce sahabbai su yi mata salla, bai yi ba sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin bashin. Ya ce to, ina littattafan mamaci?

Suna cikin wata tsohuwar adaka ƙarƙashin teburin yanka. Littattafan rubutu ne irin na 'yan firamare, sun fi talatin, an ɗaure su da igiyar ƙyalle. Sunaye da ajami, lambobi da boko. Kowane mutum da layinsa: tsawo, kafaɗa, hannu, wuya, ƙirji, ranar karɓa, ranar bayarwa, abin da ya biya, abin da ya saura. Na farkon da fam da sule aka rubuta su, daga 1973 suka koma naira da kwabo. Kwana uku muka yi muna bi, ni da ƙanena da tsohon yaron shagonsa wanda ya iya karanta hannunsa. Waɗanda Baba yake bi suna da yawa, amma yawancin kuɗin zamani ya cinye su: naira bakwai, naira goma sha biyu, abin da a yau ko ashana ba zai saya ba. Muka yafe. Waɗanda suke binsa kuwa mutum huɗu ne. Uku mun san su, muka biya a mako guda.

Na huɗun shi ne ya tsayar da mu. A shafin farko na kowane littafi, tun daga mafi tsufa har na ƙarshe, akwai layi guda da ake ta kwafowa: wani mai sayar da maɓalli da allura a Sabon Gari, fam ɗaya da sule shida. Ko bayan an daina fam bai mayar da shi naira ba. Baffa ne ya warware mana. Wani ɗan kabilar Ibo ne da yake ba Baba kaya bashi tun yana sabon tela. Da rikicin 1966 ya ɓarke, aka kashe mutane da yawa a garuruwan Arewa, Zariya ma ba ta tsira ba, waɗanda suka rayu suka gudu Gabas. Bayan an gama yaƙin basasa a 1970 da yawa sun dawo sun buɗe shagunansu. Shi bai dawo ba. Baffa ya ce Baba ya yi shekaru yana tambayar duk wanda ya dawo, babu wanda ya san inda ya ƙare. Sai ya ci gaba da ɗauke da shi daga littafi zuwa littafi, fiye da shekara arba'in, bai taɓa gaya wa ko Inna ba.

Fam ɗaya da sule shida, a lissafin canjin 1973, naira biyu ne da kwabo sittin. Ƙanena ya yi dariya ya ce shi zai biya daga aljihunsa. Malam ya ce a'a, ba lamba ake binsa ba, kaya ya karɓa, a ƙiyasta abin da irin wannan kaya zai kai a yau. Muka shiga Sabon Gari muka bi tsofaffin 'yan kasuwa layi-layi da sunan da ke cikin littafin. Wani tsoho ya ce kamar ya tuna da shi, amma bai san garinsu ba. Da muka gaji, muka yi yadda malam ya ce, muka ba da ƙimar kuɗin ga mabukata da niyyar mai shi, da sharaɗin in wani nasa ya ɓullo za mu sake biya. Har yanzu sunan yana rubuce a wurina.

Wannan yawon biyan bashi ya buɗe mini wata ƙofa da ban san da ita ba, wato abokansa. Duk inda muka shiga sai a zaunar da mu, a kawo ruwa, a fara, "Ai ni da babanku..." A bakin wani tsohon makanikin keken ɗinki na ji cewa Baba ya taɓa yin shekara biyu yana ciyar da gidansa lokacin da ya karye. A bakin wani na ji cewa yana da ban dariya, wai in ya fara kwaikwayon masu ciniki sai an riƙe ciki. Ni ban taɓa ganin wannan mutumin ba. Uban da ɗa ya sani rabi ne, ɗaya rabin yana wurin abokansa, kuma su ma tafiya suke yi. Muslim ya ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar ya gamu da wani balaraben ƙauye a hanyar Makka, ya sauka ya ba shi jakin da yake hawa, ya cire rawaninsa ya ba shi. Abokan tafiyarsa suka ce ai mutanen ƙauye abu kaɗan ma ya ishe su. Ya ce mahaifin wannan mutum masoyin Umar ne, kuma ya ji daga Annabi cewa sada zumunci da masoyan uba yana cikin mafi girman biyayya. Ku lura, ba abokin Umar ba ne ma, ɗan abokinsa ne. Mu kuwa sai mu sa hoton uba a waya mutum ɗari biyar su ce amin, alhali amininsa yana kwance layi biyu da gidanmu shekara uku ba mu leƙa ba, Gwaggo kuma sai a biki take ganinmu.

Ku da naku suke da rai, kuna riƙe da abin da ni ba zan sake samu ba ko da nawa. Ba cewa nake ku je ku rungume su kuna faɗin kalmomin fim ba, yawancin iyayenmu in ka yi musu haka sai su tambaya ko lafiya. Hanyar shiga wurin dattijon Bahaushe ta gefe ce. Je ka wurin sana'arsa ka zauna, ka miƙa masa abin da yake nema kafin ya tambaya. Raka shi gona, raka shi gaisuwar mutuwa. Ke kuma in kin kai masa abinci kada ki ajiye ki juya, zauna ki ɗan yi masa fifita. In hannunsa yana aiki bakinsa yakan buɗe. A nan za ka tambaye shi wa ya koya masa sana'a, nawa ya fara samu, me ya sa ya bar garinsu, yaya sunan kakan kakanka, wa ya taɓa yi masa rana. Wayar da ke hannunku tana ɗaukar murya, ku nemi izininsa ku ɗauka. Ni ba ni da muryar Baba ko ta minti ɗaya, kuma na fara mance yadda take. Sannan wata rana, cikin ladabi, ka tambaye shi ko akwai wanda yake binsa, ko akwai ajiyar wani a hannunsa. Tambaya ce mai nauyi, wasu za su ce kana yi masa fatan mutuwa. Ba kowane uba ne yake da adaka cike da littattafai ba.

Na san kuma akwai wanda zai karanta wannan ya ce, ni nawa uban ba haka yake ba. Ya saki uwarmu ya manta da mu, ko ya tura ni bara ina shekara bakwai bai sake waiwaya ba, ko ya rasu ban san fuskarsa ba. Ba zan ce maka ka ƙirƙiro masa halin da ba shi da shi ba. Haƙƙinsa na haihuwa da addu'a yana nan, wannan tsakaninka da Allah ne. Amma ka duba da kyau, da wuya a ce babu wani namiji da ya tsaya maka a wani wuri, kawu, ko mijin uwa, ko malamin allo, ko maigidan da ya koya maka aiki. Duk abin da na faɗa a kan uba ya hau kansa. Shi ma Baba ai ba a hannun mahaifinsa ya koyi mayar da ƙyalle ba, a hannun dattijon nan ne da ya ɗauke shi yana almajiri.

Saura abu ɗaya a cikin adakar. A daren ƙarshe, bayan mun gama lissafi, yaron shagon ya juya wani littafi ta baya ya miƙo mini, ya ce, "Yaya, wannan naka ne." A shafin ƙarshe akwai layi irin na kowa, tsawo, kafaɗa, hannu, wuya, ƙirji, sai dai babu suna, babu kuɗi. A wurin suna an rubuta "nasa". Muka duba sauran littattafan, kowanne yana da shi a shafin ƙarshe. Na 1976 awon rigar makarantata ne. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina ganin kaina ina tsawo, har na zo shekarar da na daina tsayawa ya auna ni. Na ɗauka a nan zai yanke. Bai yanke ba. Layin ya ci gaba kowace shekara, kafaɗa tana faɗi, wuya yana ƙaruwa, har littafin ƙarshe wanda rubutunsa ya karkace saboda ido. Yaron ya ce in na zo gaishe shi na tashi zan fita, yakan bi bayana da kallo, in na ɓace sai ya jawo littafi.

Da azumin shekarar ya kama na sayi farin yadi na kai wa yaron, wanda yanzu keken Singar yake hannunsa a wani shago kusa da Ƙofar Doka. Na ce kada ya auna ni, ya yanka da awon littafin ƙarshe. Ya ce, "Yaya, in bai yi daidai ba fa? Yadin da tsada." Na ce ya yanka. Ana jibi Sallah na je karɓa, na sa a nan cikin shagon. Kafaɗa ta zauna, hannu ya tsaya daidai wuyan hannu, wuyan rigar ne kawai ya ɗan matse, kamar da rabin inci. Ya ce in cire ya saki. Na ce ya bar shi haka. Na biya, na fito bakin titi ina neman abin hawa, na zura hannu a aljihu in ciro kuɗin mota, sai na taɓo ƙyalle a naɗe, an ɗaure da zare.